Yadda Ake Ƙera Mazauni da Rumfar Tankin Murjani a Gida

Gabatarwa

A wannan fitowa ta mujallarmu na zaɓi in yi bayani a kan wani abu da ba a saba jin sa da Hausa ba, wato kiwon murjani a cikin tankin gilashi, musamman aikin kafinta da ke tattare da shi. Dalilaina biyu ne. Na farko, malamanmu sun sha faɗa mana cewa harshe ba ya bunƙasa sai an ɗora masa kayan da bai saba ɗauka ba. Na biyu kuwa, yayana kafinta ne a Legas, kuma a wani dogon hutu na taya shi ƙera irin wannan abu ga wani mutum da ya yi odar tanki daga waje. A nan na gane cewa abin da ake gani kamar kabad ɗin falo, ashe ginshiƙi ne mai ɗauke da rabin tan.

Mene ne Murjani?

Idan aka ce murjani, abin da Bahaushe zai fara tunawa shi ne jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya, irin wanda sarakunan Bini su ma suke ƙawata kansu da shi. Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci. To amma a asali murjani dabba ce, ƙarama mai laushi, ga baki a tsakiya ga 'yan hannuwa kewaye da shi. Tana zuƙar sinadarin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta gida mai tauri. Idan miliyoyinsu suka yi gini a kan ginin iyayensu na dubban shekaru, sai a sami tsauni guda a ƙarƙashin ruwa. Mafi girman irin waɗannan tsaunuka yana gaɓar Ostiraliya, tsawonsa ya haura kilomita 2,300. Akwai su kuma a Bahar Maliya da tsibiran Indonesiya. Gaɓar Nijeriya ba ta da su, domin kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka cikin teku, shi kuwa murjani mai gina tsauni ba ya son ko ɗaya daga cikin biyun.

Jan murjanin ado na Bahar Rum ne, kuma ya fi son wuri mai duhu. Wanda ake kiwo a gida daban yake. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, waɗanda suke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Mai karatu ya riƙe wannan batu, don shi ne dalilin yin rumfa gaba ɗaya.

Kiwon murjani a gida ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1961 wani mutum a Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya bayyana yadda yake raya shi da duwatsun teku da hasken rana. A shekarun 1970 masu wannan sha'awa a birnin Balin na Jamus, ciki har da Peter Wilkens, suka haɗa duwatsun teku da fitilu masu ƙarfi da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa. Wannan tsari shi ne tushen yawancin tankunan yau a Turai da Amurka, inda abin ya fi yaɗuwa. Murjani mai ƙashi kuma ba a tsallake iyaka da shi sai da takardar izini, saboda yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido.

Game da kalmomi, na yi ta kai-kawo kafin in tsaya a kan biyu. Abin da tanki ke zama a kai na kira shi mazauni, domin teburi ana jan sa a matsar, wannan kuwa idan ya zauna ya zauna ke nan. Abin da ake kifawa a sama na kira shi rumfa. Na so in ce murfi, sai na tuna murfi toshe tukunya yake yi, alhali rumfa tana rufe sama ta bar iska ta wuce, kuma abin da ake buƙata ke nan.

Lissafin Nauyi

Kafin a taɓa zarto sai an taɓa alƙalami. Mu ɗauki tanki matsakaici, mai tsawon santimita 120, faɗi 60, zurfi 60. Idan aka ninka waɗannan aka raba da 1,000 za a sami lita 432. Da yake gilashi yana cin wuri, kuma ba a cika tanki har baki, mu ce ruwan lita 380 ne. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta ruwan teku kuwa ta ɗan fi haka, kamar kilo 1.025, saboda kowane kilo na ruwan yana ɗauke da gishiri giram 35. Ruwa kaɗai ke nan ya kai kilo 390.

Gilashin ma ba wasa ba ne. Mai kaurin milimita 12 yana da nauyin kilo 30 a kowace murabba'in mita, kuma fuskoki biyar na wannan tanki sun kai murabba'in mita 2.88, wato kilo 86. A zuba duwatsu kamar kilo 40 da yashi kilo 25, a cire ɗan ruwan da suka ture, za a ga abin da ke kan mazauni ya haura kilo 500. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda goma ke nan, a kan wurin da bai kai rabin katifar ɗalibi ba. Bambancin kawai shi ne buhu idan ya faɗi a ɗauke shi, wannan kuwa idan ya faɗi sai gilashi da ruwan gishiri su tarar da wayar lantarki a ƙasa.

A cikin mazaunin kuma akwai wani ƙaramin tanki, wanda zan kira tankin ƙasa. Ruwa yana gangarowa cikinsa ta bututu, a tace shi, sannan famfo ya mayar da shi sama. Shi da kayansa sun kai kilo 100. Idan aka haɗa da katakon kansa, daɓen ɗaki yana ɗauke da kilo 650 ko kusa da haka.

A Amurka, inda yawancin gidaje daɓen katako ne, wannan babbar magana ce. Dokar gininsu tana auna daɓen falo a kan kimanin kilo 195 a kowace murabba'in mita, idan an baza nauyin a ɗaki duka. Saboda haka sukan ajiye tanki a jikin bango mai ɗaukar gini, su kuma gitta shi a kan azarori da dama maimakon ya bi tsawon guda ɗaya. Mu a nan daɓen siminti ne, don haka a ƙasa babu fargaba. Wanda ke saman bene kuwa, ya kira injiniyan gini ya duba tukuna, musamman idan tankin ya fi wannan girma.

Zaɓen Katako

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarfin katako idan aka tsayar da shi. Guntun katako mai inci 2 da inci 4, idan yana tsaye kuma nauyi yana bin tsawonsa, shi kaɗai zai ɗauki nauyin tankin nan duka. Ke nan ba rashin ƙarfin ƙafafu ke kayar da mazauni ba. Abubuwa uku ne ke yi: ruwa, da karkacewa, da mugun haɗi.

Ruwa ne ya sa ba a amfani da allon garin katako da aka matse da gam, wanda kafintoci ke kira MDF. Yana da sumul, yana karɓar fenti, ga araha, shi ya sa ake yin kabad ɗin kasuwa da shi. Amma da zarar ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura kamar burodi a shayi, kuma ko ya bushe ba ya komawa yadda yake. A gefen tankin murjani kuwa zubar ruwa ta kullum ce. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Ga mai aiki a ƙasar nan, loko da maɗaci suna da kyau ga ƙashin mazauni, don suna jure laima, loko kuma gara ba ta cika damun sa ba. Sharaɗin shi ne katakon ya bushe sarai. Mafi yawan wanda ake sayarwa a kasuwar katako ɗanye ne, kuma ɗanyen katako yana murɗewa yayin da yake bushewa. Idan aka yi mazauni da shi a damina, kafin hunturu ya wuce wata kusurwa ta ɗaga. Yayana yakan jera katakon a inuwa, ya sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya bar shi makonni kafin ya yanka. Yana kuma ɗaga kowanne ya leƙa tsawonsa da ido ɗaya, kamar mai saitin bindiga, wanda ya ga ya lanƙwashe ya ajiye shi gefe.

Wasu sun fi son ƙarfe, kuma masu walda suna iya yin ƙashi siriri mai ƙarfi da bututu mai kusurwa huɗu, wanda ke barin fili da yawa a ciki. Matsalarsa tsatsa ce. Gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya, sai an yi masa fenti mai kauri an kuma toshe bakin kowane bututu.

Haɗa Ƙashin Mazauni

A nan ne aikin yake, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce tak: katako ya zauna a kan katako tun daga gindin tanki har ƙasa. Ana fara yin firam biyu masu kusurwa huɗu, na sama da na ƙasa, girmansu daidai da gindin tanki. Sai a yanka ƙafafu a tsayar da su tsakanin firam biyun, ta yadda firam na sama yana hawa kan ƙafa, ƙafa kuma tana hawa kan firam na ƙasa. A kowace kusurwa ana sa ƙafa biyu, ɗaya ƙarƙashin dogon gefe, ɗaya ƙarƙashin gajere. Daga ciki sai a ƙara katako na uku wanda zai ɗaure su duka, amma a yanka shi ya ɗan gaza tsawo, don kada ya taɓa tanki ko daɓe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsayar da ƙafa a gefen firam, a ɗaure da sukuru biyu ko uku, kamar yadda ake yi wa bencin makaranta. Idan aka yi haka, rabin tan ɗin nan yana rataye ne a wuyan sukuru. Zai iya shekara lafiya lau, sai tsatsa ta ci sukurun a ɓoye. Aikin sukuru da gam shi ne hana katako zamewa daga inda aka ajiye shi, ba ɗaukar kaya ba.

Katakon firam kuma a kan gefensa ake tsayar da shi, ba a kwantar da shi a kan faɗinsa ba. Dalilin lissafi ne: taurin katako ga lanƙwasa yana ƙaruwa da tsayinsa ninki uku-uku. Wanda ake kira inci 2 da 4 a Amurka ainihin awonsa milimita 38 da 89 ne, kuma idan aka tsayar da shi ya fi na kwance tauri sau biyar da rabi. Mai inci 2 da 6 kuwa ya fi mai 2 da 4 kusan sau huɗu. Shi ya sa ga tanki mai santimita 120 inci 4 ya isa, amma idan ya kai 180 kuma ba a son ƙafa a tsakiya, sai a koma inci 6. A kasuwanninmu awon katako bai cika zama ɗaya ba, saboda haka a auna da tef, kada a dogara da sunan.

Kafin gam ya bushe a auna firam daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantar ta, sannan a auna ɗaya gicciyen. A misalinmu kowanne ya kamata ya ba da santimita 134 da 'yan kai. Idan suka bambanta, firam ɗin ya karkace.

Ko da an yi duk wannan, ƙashin da ba shi da riga yana iya rangaji. Ka tura shi daga gefe za ka ga ya ɗan jirkita, kamar kwalin da aka cire wa gindi. Maganinsa filawud mai kaurin milimita 12 zuwa 18, a manna shi da gam da sukuru a gefe biyu da wani sashe na baya. Wannan rigar ita ce ke hana rushewa idan yaro ya jingina ko babba ya yi tuntuɓe.

Shimfiɗa da Daidaito

Abubuwa biyu ne da ake yawan ruɗawa. Shimfiɗa ita ce saman mazauni ya zama sumul, babu tudu babu kwari, kusurwoyi huɗu a layi guda. Daidaito kuwa shi ne kada wani gefe ya fi wani tsawo daga ƙasa. Idan daidaito ya ɗan samu matsala, ruwa zai fi taruwa a gefe ɗaya, abin ya yi muni a ido. Idan shimfiɗa ce ta ɓaci, to an shiga haɗari, domin gilashi ba ya lanƙwasa. Fuskokin tanki gam ɗin silikon ne kawai ke riƙe da su, alhali ruwa yana tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kusa kilo 190. Idan kusurwa ɗaya tana lilo a iska, tankin zai riƙa murɗewa a hankali, silikon yana sakin jiki, har ranar da zai buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yadda ake ɗora tanki ya danganta da irinsa. Mai baki na roba a gindi, kamar yawancin tankunan Amurka, a kan wannan bakin yake tsayawa, gilashin gindinsa bai taɓa komai ba. Shi firam kawai yake so, kuma ba a sa masa soso a ƙasa, don soso zai iya tura gilashin sama. Wanda ba shi da baki, da wanda aka yi da roba mai kama da gilashi, su kuma sai an shimfiɗa musu filawud mai kauri a ko'ina, a ɗora siririn soso a kai don ya shanye ɗan ƙwayar yashi ko kan sukuru. Soso ba ya gyara karkataccen mazauni, wannan aikin kafinta ne.

Idan daɓen ɗaki ne bai daidaita ba, weji ake cusawa tsakanin mazauni da daɓe, a wurare da yawa, ana dubawa da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa. Ba a taɓa cusa shi tsakanin tanki da mazauni.

Cikin Mazauni

A nan muka yi namu kuskuren. Mun gama aiki tas, mun yi fenti, mun sa ƙofofi biyu da sanda a tsakaninsu. Da aka kawo tankin ƙasa sai ya ƙi shiga, ta gaba ko ta baya. Dole yayana ya yanke sandar ya mai da ita mai cirewa, ya ƙara wa firam na sama kauri. Tun daga ranar, kafin ya yanka komai sai ya ga duk kayan da za su zauna a ciki, ko aƙalla awonsu. Na'urar kumfa, alal misali, tana da kofi a kanta wanda ake ɗagawa a wanke duk 'yan kwanaki. Idan babu tazarar hannu a samansa, mai tanki zai riƙa jin ƙyuya, datti ya taru.

Wannan ne ma ke yanke tsawon mazauni. Santimita 80 zuwa 100 aka fi yi. Dogo yana ba da fili a ciki, yana kuma kawo murjani daidai idon mai tsaye. Sai dai mazauni mai 90 da tanki mai 60 sun kai bakin ruwa santimita 150, wato sai da kujera za a taɓo yashi. A ganina gara kujera da ƙuncin ciki.

Daɓen cikin ana yin sa kamar faranti, a ɗaga gefensa santimita 5 ko fiye, a toshe kowace kafa da silikon, a shafe da fentin ifoksi. Ciki duka farin fenti ya fi, don ɗigon ruwa ya fito fili. Sukuru da hinji su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Jan ƙarfe da tagulla kuwa kada su kusanci ruwan ko kaɗan, domin guba ne ga murjani da jatan lande da dodon koɗi ko da ɗan mitsitsi ne. Saboda wannan dalili ne ake guje wa katakon da aka dafa da maganin ƙwari, tunda yawancin magungunan akwai jan ƙarfe a ciki. Baya kuma a bar shi a buɗe gwargwado, in ba haka ba laima da fumfuna su cika wurin.

Akwai wani lissafi da Bature zai iya yi wa sakaci ya kwana lafiya, amma mu ba mu isa ba, wato lissafin ɗauke wuta. Da zarar famfo ya tsaya, ruwan saman tanki zai ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin bututu. A tankinmu kowace santimita ɗaya ta ruwa lita 7 ce. Idan ya sauka santimita 3, lita 21 ke nan, ban da wanda ke cikin bututu. Dole tankin ƙasa ya kasance da sararin da zai karɓi wannan a kowane lokaci, dole kuma mazauni ya kasance da girman da zai ɗauki irin wannan tankin ƙasa. A tanadi wurin batir ko inbata a waje, domin idan ruwa ya daina motsi na 'yan sa'o'i iskar shaƙa tana ƙarewa, kifi ya fara mutuwa.

Soket ba ya zama a ƙasa, ba ya kuma zama a saman tankin ƙasa. Ana raba masa ɗaki da allo, a kafa shi sama. Kowace waya a bar ta ta yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a ƙasa. Layin gaba ɗaya ya bi ta makashin nan da ke yanke wuta da kansa idan ta fara yoyo, mai awon miliamfiya 30. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki fiye da ruwan famfo nesa ba kusa ba, wutarmu kuma bolt 230 ce, ga mutum ya tsoma hannu har kafaɗa.

Rumfa

Aikin rumfa shi ne riƙe fitilu, da tare haskensu daga idon mai zaune a falo, da hana kifi tsalle waje. Da yake murjani da haske yake ci, fitilunsa sun fi na ɗaki ƙarfi ƙwarai. A shekarun 1990 zuwa 2000 manyan fitilu masu tururin ƙarfe, irin na filin ƙwallo, su ne ake yayi, kowace tana cin wat 250 ko 400. Suna da zafin da ke iya ƙona katako, shi ya sa rumfunan wancan lokaci dogaye ne cike da fankoki. Daga wajajen 2010 fitilun LED suka karɓe kasuwa. Ba sa dafa ruwa kamar na da, amma bayansu yana zafi, kuma idan aka kulle su ba iska ba sa daɗewa.

Zafi shi ne babban abokin gaba. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyas. Idan ya wuce abin da ya saba da digiri ɗaya ko biyu na tsawon makonni, sai ya kori 'yan halittun nan da ke cikin tsokarsa, ya koma fari fat, ya fara yunwa. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 hukumar NOAA ta Amurka ta tabbatar da karo na huɗu. Abin da ɗumamar yanayi ke yi wa teku a shekaru, rufaffiyar rumfa tana yi wa tanki a mako guda. A Turai injin ɗumama ruwa ake saya. A Legas, inda ɗaki ke kai digiri 30 ba tare da fitila ba, na sanyaya ruwa ake nema, kuma shi ma ba a kulle shi cikin mazauni, don zafin da ya cire daga ruwa a nan zai zubar.

Saboda haka rumfa mai kyau bayanta a buɗe yake, samanta kuma akwai tsaga ko ramuka, tunda iska mai zafi sama take yi. Ana sa ƙaramar fanka irin ta kwamfuta ta hura iska a kan fuskar ruwa. An fi so ta riƙa turawa ciki, domin fankar da ke zuƙo iskar gishiri ta cikinta ba ta yin ƙarko. Wannan iska tana sanyaya ruwa ta hanyar tururi, amma tana iya kwashe lita 3 ko fiye a yini. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka ruwan daɗi tatacce ake ƙarawa, ba ruwan gishiri ba. Ga wani dalilin barin wurin jarka a cikin mazauni.

Tsawon rumfa santimita 30 zuwa 40 ya wadatar, yadda fitila za ta rataya kamar santimita 20 zuwa 30 daga ruwa. Idan ta matso ƙwarai, hasken zai taru wuri guda, feshin gishiri kuma ya rufe ta. Katakonta ya zama marar nauyi. A nan ne farin katako mai laushi irin obece yake da amfani, tare da siririn filawud. Idan tanki yana da baki, ana manna 'yan sanduna a cikin rumfar su hau kan bakin, gefenta kuma ya sauko ya ɓoye layin ruwa. Idan ba shi da baki, kada a ɗora masa komai. A rataye rumfar a bango, ko a kan sanduna biyu da suka taso daga bayan mazauni.

Ƙofarta ita ce abin da mai tanki zai riƙa gode wa kafinta a kai, ko ya riƙa tsine masa. Kullum sai an ba kifi abinci, duk 'yan kwanaki sai an goge gilashi, wani lokaci kuma sai an ciro dutse mai girman kan mutum. Gaban rumfar duka ya kamata ya ɗaga sama, ya kuma tsaya da kansa, ko da sanda ko da irin maɗaurin ƙofar bayan mota, don mai hannu biyu cikin ruwa ba shi da na uku. Kowace fitila a ɗaure ta da abu biyu, ko ɗaya ya saki ɗayan ya riƙe. Fentin ciki fari ne, kuma a bar shi ya bushe mako guda kafin a kifa shi a kan ruwa, tunda duk ɓawon da ya ɓare cikin tanki zai faɗa. Buɗaɗɗen bayan kuma a ja masa raga ta roba mai ƙananan idanu, kamar milimita 6, domin wasu kifayen murjani da sun firgita sama suke yi.

Gwaji

Idan an ajiye mazauni a wurinsa, a bar tazarar hannu tsakaninsa da bango saboda bututu da waya, don bayan an zuba ruwa ba mai iya matsar da shi. Ruwan famfo ake fara zubawa, ba na gishiri ba. A cika kashi ɗaya cikin uku, a tsaya a duba ma'auni, a gwada zura takarda tsakanin tanki da mazauni a kowace kusurwa. Idan ta shige a wani wuri, a kwashe ruwan a gyara. Idan ba ta shige ba a ƙara wani kashin, a sake dubawa, har ya cika. Daga nan a kunna famfo, a bar shi ya yi gudu, sannan a kashe shi da gangan a tsaya a ga inda ruwan tankin ƙasa zai tsaya. Mu mun sa alama da fenti a wurin, muka bar tankin cike kwana uku da tsofaffin jaridu shimfiɗe a ƙarƙashinsa, kafin mai shi ya kwashe ruwan ya fara dama gishiri.